Ta Ina Za A Fara Koya Wa Ƙananan Yara Kwamfuta?

Jama'a, wani abu ya same ni sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na ga ya kamata in kawo shi nan ko wani ya ƙaru. An kai ni wata makarantar firamare a Sabo, aka ba ni aji biyu, yara arba'in da ɗoriya. Kwamfuta kuwa biyu ce tak a ofishin hedimasta, wutar lantarki ma sai ta ga dama. Aka ce in koya musu kwamfuta. To, ta ina zan ɓullo wa wannan al'amari?

Da farko dai mu san ba abin da za a kauce masa ba ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da ya girma bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba, ran jarrabawa tsoron na'urar kaɗai ya isa ya kayar da shi, ko da ya san amsa.

Amma kada mu zaci miƙa wa yaro na'ura shi ke nan an gama. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ta raba wa 'yan firamare. Da aka bincika, rahoton 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. Ashe aikin yana hannun malami.

Abin da ya kamata yaro ya fara ganewa shi ne, kwamfuta kamar bara ce mai tsananin biyayya amma marar wayo. Abin da ka gaya mata shi ta ke yi, bi da bi, ba ƙari ba ragi. In ka yi kuskure, kuskuren za ta aikata. Saboda haka darasin farko shi ne koyon jera umarni daki-daki, wannan kuwa ba ya bukatar wuta.

Wani masanin lissafi, Seymour Papert, shi da abokan aikinsa a Amurka, sun ƙago wa yara wani harshen kwamfuta a 1967, ana kiransa Logo. A cikinsa yaro kan ba wani ɗan kunkuru umarni, ya yi gaba ko ya juya, yana zana layi. Wannan dabara na ara. Na fita da yara gindin bishiya, muka zana gidaje a ƙasa kamar na dara, na ajiye lemo a gida ɗaya. Yaro ɗaya ya zama kunkuru, sauran suka rubuta umarni a allo: gaba uku, juya dama, gaba biyu. Kunkuru ba ya magana, ba ya kuma gyara wa kowa. Da ya zarce lemo sai aji ya ɓarke da dariya. Na ce a koma allo a nemo layin da ya ɓata. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ita ta gano an manta da juyawa ɗaya. Neman kuskure a gyara shi kuwa, shi ne babban aikin masu rubuta wa kwamfuta umarni.

Bayan mako biyu muka shiga wurin na'ura. Na kasa su huɗu-huɗu, kowane kashi minti goma sha biyar, saura suna aikin allo. Na lura in ba a tsaya ba, maza su kan kame linzami su bar 'yan mata da kallo, don haka na sa aka riƙa karɓa-karɓa. In makaranta tana da kwamfutar hannu, akwai ScratchJr da aka fitar a 2014 domin yara 'yan shekara 5 zuwa 7. Da hotuna a ke jera umarni a cikinsa, ko wanda bai iya karatu ba yana iya yi.

Sai kuma a kiyaye abu uku. Na ɗaya, lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allon na'ura. Yaranmu sun ɗara haka, amma su ma wasa da guje-guje ya fi musu. Na biyu, kada na'ura ta kori fensir, hannu ya fara iya rubutu tukuna. Na uku, kada a bar yaro shi kaɗai da intanet, a kuma gaya wa iyaye haka, don wayar uwa ita ce kwamfutar farko da yaro kan taɓa.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu makarantun da ba su da kayan aiki za a tura mu. Kada wannan ya karya mana gwiwa, mu zauna jiran sai an kawo. Alli da fili sun isa a fara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya taimake mu, amin.