Ɗaki a Bayan A-kori-kura: Lissafin Nauyi da Tsarin Wurin Aiki

A ranar 23 ga watan Satumba na shekarar 1960, marubucin nan na ƙasar Amurka, John Steinbeck, ya bar gidansa da ke garin Sag Harbor a jihar Niyok, a cikin wata mota a-kori-kura ƙirar GMC wadda aka ɗora wa ɗan ƙaramin ɗaki a bayanta. Shekarunsa 58 a lokacin, kuma ya tashi ne tare da karensa. A cikin ɗakin akwai gado da murhun gas da na'urar sanyaya abinci da tankin ruwa da wurin ajiye tufafi. Ya zaga ƙasarsa tafiyar kimanin kilomita 16,000, ya kuma ba da labarin a littafinsa mai suna Travels with Charley, wanda ya fito a 1962. A cewar littafin, marubucin ya labta wa motar kaya fiye da kima, har wata rana ana tsuga ruwan sama a jihar Oregon tayar baya ta fashe. Motar tana ajiye a cibiyar tunawa da shi da ke garin Salinas a jihar Kalifoniya.

Shi Steinbeck kamfani ne ya ƙera masa nasa ɗakin, amma a Amurka da Kanada da Ostareliya akwai mutane da dama da ke ƙera nasu da hannunsu a garejin gida. Akan yi ɗakin ne yadda za a zura shi cikin bodin motar a ɗaure, idan an dawo daga tafiya kuma a ɗaga shi da ƙafafu huɗu na ƙarfe, mota ta fice daga ƙarƙashinsa ta koma aikinta na dako. Wanda ya hango shi daga nesa zai ce aikin kafinta ne kawai. Alhali tun kafin a sa zarto a jikin katako, akwai lissafin da in aka kuskure shi, ƙwarewar hannu ba za ta gyara ba.

Abin da mota za ta iya ɗauka

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya ƙayyade mata, kuma akan rubuta shi a jikin wata 'yar takarda ko ƙarfe a bakin ƙofar direba. A ɗauka, alal misali, an rubuta kilo 3,000, ita kuma motar da manta a tanki tana da kilo 2,100. Wato saura kilo 900 ke nan. Direba da abokin tafiyarsa su cinye 150. Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tukunyar gas cikakkiya ta ɗauki kamar 25, babban batir kamar 30, abinci da tufafi da tukwane da kayan gyara a ba su 95. Abin da ya rage wa ɗakin kansa, da bangonsa da rufinsa da gadonsa da ƙofarsa, shi ne kilo 500. Mai ƙira da bai yi wannan ragi a takarda ba, tayoyi da sifirin da birki ne za su yi masa shi a kan hanya.

Sai dai yawan nauyin rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne inda nauyin ya zauna. Kowane abu yana da wani gurbi da masana kimiyyar fizis ke kira cibiyar nauyi, wato wurin da za a tokare abin da yatsa ɗaya ya tsaya bai karkata ba. Ɗalibi zai iya gano ta a jikin rula ko littafi. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya akwai mita 3. Idan cibiyar nauyin ɗakin mai kilo 500 ta faɗa santimita 30 a gaban aksul ɗin baya, to tayoyin gaba za su karɓi kilo 50, na baya su ɗauki 450. Idan kuwa ta zame santimita 30 a bayan aksul, sai lamarin ya juye: ɗakin ya zama kamar mutumin da ya zauna a ƙarshen benci, ya ɗaga ɗaya ƙarshen sama. Tayoyin gaba su rasa kilo 50 daga nauyin da ke danne su, na baya kuma su ɗauki 550, fiye ma da nauyin ɗakin baki ɗaya. Tayoyin gaba kuwa su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Da zarar sun yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Saboda haka ne dokar Amurka ta wajabta wa kamfanonin da ke sayar da irin wannan ɗaki su bayyana nauyinsa da kuma inda cibiyar nauyinsa take.

Akwai kuma tsayin cibiyar daga ƙasa. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka tana amfani da wani lissafi mai sauƙi wajen auna saurin kifewar mota: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Mota mai faɗin mita 1.6 wadda cibiyarta ke santimita 70 daga ƙasa za ta ba da 1.14. Idan aka ɗora mata ɗaki da kayansa, kilo 750, wanda tasa cibiyar ke mita 1.5 daga ƙasa, cibiyar duka biyun za ta hau zuwa kimanin santimita 90, lissafin kuma ya sauko zuwa 0.89. Gwargwadon ƙanƙantar wannan adadi, gwargwadon sauƙin kifewa a kwana. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota da aka yi wa lodin buhuna har sama da bodi tana tangaɗi a kan hanyar kasuwar ƙauye, ya ga wannan lissafi da idonsa. Dalili ke nan da mai ƙira ke sa tankin ruwa da batir a ƙasa, can gaba kusa da bayan direba, ya bar wa akwatunan sama barguna da tufafi.

Bango mai kauri, marar nauyi

Kilo 500 ba shi da yawa. Fallen filawud mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, idan kaurinsa milimita 18 ne, yakan kai kilo 30 ko fiye. Goma sha shida kawai sun kusa cinye kason. Ƙarfe kuwa ya fi alminiyam nauyi kusan sau uku, shi ya sa ba a cika yin ƙashin ɗakin da shi ba.

Dabarar da ke fitar da mai ƙira ita ce wannan: ƙarfin da falle ke da shi na ƙin lanƙwasa yana ƙaruwa ne da kauri sau kauri sau kauri. In aka ninka kauri biyu, taurin ya ninku takwas. Kuma idan falle ya lanƙwasa, fatarsa ta sama da ta ƙasa ne ke shan wahala, ɗaya tana miƙewa ɗaya tana matsewa, tsakiyar kuwa kusan hutawa take yi. To, tun da haka ne, me zai sa a cika tsakiyar da katako mai nauyi? Sai a samo filawud sirara guda biyu, a sa tauraren soso mai kaurin santimita 3 ko 4 a tsakaninsu, a manne da gam. Abin da zai fito bango ne mai tauri wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, an yi gangar jikinsa ne da katakon balsa marar nauyi a tsakanin fallayen filawud.

Sosan yana da wani amfanin, wato tare zafi da sanyi. A nan ne alminiyam ke da aibi, domin yana wuce da zafi fiye da katako sau dubu da ɗoriya. A daren sanyi, duk inda ƙarfen ya ratsa bango sai ya yi sanyi ƙalau daga ciki, tururin da ke cikin ɗakin ya kwanta a kansa ya zama raɓa. Tururin kuwa ba ya yankewa: numfashin masu barci yana fitar da shi, kuma ƙona kilo ɗaya na gas ɗin girki yana haifar da ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi. Wannan laima ce ke ruɓar da katako a ɓoye.

Maganinta iska ce, kuma iskar tana tsare abin da ya fi katako daraja. Wutar da ke ci a wurin da iska ta yi ƙaranci tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda ke kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya fi na oksijin ɗin sau 200. Ita ce ke hallaka mutanen da suka kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Don haka akan buɗe mafitar iska a rufi da wata a ƙasa, a kuma liƙa na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi wannan guba. Shi kuma gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Akan ware wa tukunyarsa akwati na dabam wanda ba ya buɗewa ta cikin ɗaki, a huda gindinsa ta waje.

Wurin aiki

Aikin yakan ɗauki watanni, a gareji ɗaya da zarto da injin walda da gam da fenti. Mutane da yawa suna ɗaukar share wurin aiki a matsayin ƙwalisa. Ba haka ba ne, domin a nan awo ke lalacewa. Tsakanin tudun tayoyin baya a bodin manyan a-kori-kura na Amurka akwai ɗan abin da ya ɗara santimita 122, kuma ta nan gindin ɗakin zai shige. Ɓarɓashin katako ɗaya da ya maƙale a ƙarƙashin falle lokacin yanka ya isa ya karkatar da layi da milimita biyu. Kuskuren gindi ya hau bango, na bango ya hau rufi, daga ƙarshe ƙofa ta ƙi rufuwa, ruwan sama ya sami hanya. Shi ya sa ƙwararru ke fara aiki da daidaita teburin da za a harhaɗa ɗakin a kai, su riƙe tef ɗin awo guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, su kuma auna kusurwa zuwa kusurwa: idan layukan biyu da suka gicciye juna suka zo daidai, firam ɗin ya miƙe.

Masana'antun Japan, musamman kamfanin Toyota, sun shahara da wani tsari mai matakai biyar da ake kira 5S, saboda kalmomin Japananci biyar da suka fara da harafin S. Ma'anarsu a taƙaice ita ce a fitar da abin da ba a bukata, a ba kowane abu mazauninsa, a share, a mai da hakan ƙa'ida, a kuma ɗore a kai. Mafi sauƙin kwaikwayo a ciki shi ne allon bango da ake zana siffar kowane makami a jiki, guduma da sifana da filaya. Da kallo ɗaya za a gane abin da bai dawo ba, tun kafin a manne bango a rufe shi a ciki.

Ƙurar katako ma ba abar rainawa ba ce. A 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, musamman a kogon hanci. Ga shi kuma tana kama wuta da tartsatsi ɗaya, don haka ba a walda ko gurza ƙarfe a inda aka yanka katako sai an share.

Haɗarin da ya fi ban mamaki yana cikin tsumma. Man linsid, wanda ake tatsa daga irin kittani ana shafa wa katako, ba ya bushewa kamar ruwa. Haɗuwa yake yi da oksijin, haɗuwar kuma tana fitar da zafi. A jikin katako zafin yana bin iska. A cikin tsummokin da aka dunƙule aka jefar a lungu kuwa, zafin ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa har wuta ta tashi ba tare da ashana ba. A ranar 23 ga Fabrairun 1991, irin waɗannan tsummoki da ma'aikata suka bari a hawa na 22 na wani bene mai hawa 38 da ake kira One Meridian Plaza, a birnin Filadelfiya, suka tayar da gobarar da ta ci fiye da awa 19, ta kashe 'yan kwana-kwana uku. Benen bai sake amfanuwa ba har aka rushe shi a 1999. Tsumman mai, shanya shi ake yi a waje ɗaya-ɗaya har ya bushe, ko a nutsa shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Bayan an gama ƙira, sai a zura ɗakin a bodi a ɗaure shi ta kusurwa huɗu da maɗaurai masu sifirin, saboda shasin mota yana murɗawa a kan gargada, kuma ɗakin da aka ɗaure tamau zai tsage. Daga nan a cika tanki da ruwa, a loda kayan tafiya duka, mutanen da za su yi tafiyar su shiga, a nufi sikelin awon manyan motoci. A hau da tayoyin gaba kaɗai a rubuta, a hau da na baya a rubuta, sannan a gwada kowane adadi da wanda kamfani ya rubuta wa wannan aksul a bakin ƙofar direba, da kuma wanda ke rubuce a gefen kowace taya.