Intanet a gida ba tare da wayar girke ba: hanyoyin da ake bi da abin dubawa kafin a biya

A unguwanni irin su Briqueterie ta Yawunde, Zongo ta Kwatano da Agoè-Zongo ta Lome, ba abin mamaki ba ne a tarar da gida ɗaya mai wayoyin salula shida ko bakwai, kowace da nata forfe. Mai gida na bin farashin kaya ta WhatsApp, uwargida na kiran danginta da ke Maraɗi ko Kano ta bidiyo, yara kuma na sauke darasin makaranta. Idan aka haɗa abin da kowa ya kashe a wata, sau da yawa ya kai kuɗin da zai kawo intanet guda ɗaya mai ƙarfi da zai wadaci gidan baki ɗaya. Abin da ke sa wasu magidanta ja da baya shi ne tsohuwar fahimtar cewa sai gida yana da wayar girke, wato wayar tarho ta kan tebur, kafin a sa masa intanet. A yau wannan sharaɗi ya faɗi a kusan ko'ina.

Inda maganar ta samo asali

Fahimtar tana da tushe. Intanet mai sauri na farko da ya shiga gidaje a wannan yanki shi ne ADSL, wanda ke bi ta wayar tagulla ta tarho. Waya ɗaya ce ake raba wa aiki biyu, murya na bi ta ƙananan zangon sigina, bayanan intanet na bi ta manya. Tunda kamfanonin gwamnati ne suka mallaki wayoyin, kamar Sonitel a Nijar, Sotel a Chadi da Camtel a Kamaru, duk mai son ADSL dole ya nemi layin tarho tukuna, ya riƙa biyan kuɗinsa duk wata ko da bai taɓa ɗaga kan wayar ba.

ADSL na da rauninsa. Mafi ingancinsa, ADSL2+, ba ya wuce megabit 24 a daƙiƙa, kuma saurin na raguwa gwargwadon nisan gida da cibiyar kamfani, ta yadda bayan kilomita biyar kusan babu abin da ke isowa. Ga satar tagulla, ga ruwan damina da ke shiga ramukan wayoyi. Ko a Faransa, inda kusan kowane gida ke da layi, kamfanin Orange ya daina sayar da sabbin layukan tarho na tsohon yayi tun watan Nuwamban 2018, kuma yana shirin rufe wayoyin tagulla gaba ɗaya zuwa 2030. A ƙasashen Sahel da na gaɓar teku kuwa, yawancin unguwanni ba su taɓa ganin wayar girke ba, salula ce ta fara iso musu.

Zaren gilashi

Hanya mafi inganci ita ce wayar zaren gilashi, wadda kamfanoni ke tallatawa da sunanta na Faransanci, fibre optique. Siririn zare ne kamar gashin kai, haske ke ɗaukar bayanai a cikinsa. Ma'aikata kan jawo shi daga wani ƙaramin akwati da ke jikin falwaya ko bango a bakin titi, su shigo da shi ɗaki, su haɗa shi da na'urar da ke mayar da hasken sigina, daga nan kuma sai akwatin wifi ya watsa wa gida. Ba ya buƙatar layin tarho, nisan da ke kashe ADSL ba ya rage masa ƙarfi a cikin gari, kuma ɓarawon tagulla ba ya samun abin sayarwa a jikinsa.

Matsalarsa ita ce bai kai ko'ina ba. A Yamai akwai Niger Telecoms, wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. A Kamaru akwai Camtel, a Benin akwai Celtiis, yayin da Canalbox ke aiki a birane kamar Lome, Abijan da Wagadugu. Amma ko a cikin birni ɗaya, wani layin gidaje na da shi, na bayansa babu. Saboda haka matakin farko shi ne a je ofishin kamfani da cikakken kwatancen gida, ko a tura musu alamar wurin ta waya, su tabbatar akwai akwatinsu a kusa kuma akwai gurbin da ya rage a ciki. Ɗan haya kuma sai ya nemi yardar mai gida kafin a huda bango, ya kuma tambayi kamfani abin da zai biya idan ya tashi zuwa wata unguwa.

Wasu kamfanoni kan haɗa lambar tarho a cikin yarjejeniyar. Wannan lambar ta intanet take bi, ba ta tagulla ba, kuma ba dole ba ne a yi amfani da ita. Bambancinta da tsohuwar wayar girke shi ne tana mutuwa idan aka ɗauke wuta, domin tsohuwar daga cibiyar kamfani take samun lantarkinta.

Akwatin 4G

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce akwatin wifi mai ɗaukar katin SIM, ko pis kamar yadda aka saba cewa. Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom, MTN da Orange duk suna sayar da irinsa a ƙasashen da suke aiki. Ba a jan waya, ba a huda bango. A saya, a jona a wuta, cikin 'yan mintuna gida ya samu intanet, kuma ranar ƙaura a zare shi a sa a jaka. Ga ɗan haya da ɗan kasuwa mai yawan tafiya, wannan babbar riba ce.

Sai dai akwatin daga ƙarfen sabis ɗaya yake sha da dukkan wayoyin unguwa. Da hantsi yana iya gudu, amma bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya buɗe bidiyo, sai saurin ya faɗi. Don haka gwajin da ya fi amfani shi ne a sa pis na kamfanin a waya, a gwada shi a cikin ɗakin da za a ajiye akwatin, da dare, kwana biyu ko uku a jere. Maƙwabci ma shaida ne, domin ya riga ya biya kuɗin koyo. Inda rezo ke da rauni, ajiye akwatin kusa da taga mai fuskantar ƙarfen sabis, ko sa masa eriya a kan rufi, kan kawo sauƙi sosai.

Akwai kuma kalmar illimité da ake rubutawa a allunan talla, wato mara iyaka. A yawancin forfe na 4G, kalmar na tafe da sharaɗi: idan aka cinye wani adadi na giga, ba a yanke layin amma ana rage saurinsa har ya zama saƙon rubutu kawai ke wucewa da daɗi. Adadin na rubuce a takardar yarjejeniya, galibi da ƙananan haruffa. Wasu akwatunan kuma a kulle suke, ba sa karɓar pis na wani kamfani.

Eriyar rediyo

A manyan birane akwai ƙananan kamfanonin intanet da ke kafa wa gida eriya a kan rufi, ta fuskanci tasu eriyar da ke kan wani dogon gini ko hasumiya. Wannan hanya ta dace da unguwar da zaren gilashi bai kai ba, kuma ofisoshi da makarantu sun daɗe suna amfani da ita. Sharaɗinta shi ne eriyoyin biyu su riƙa ganin juna. Idan maƙwabci ya ɗora bene a tsakani, ko bishiya ta yi girma, sai sigina ya raunana. Iska mai ƙarfi ta farkon damina ma kan karkatar da eriya, don haka yana da kyau a san ko gyara na cikin kuɗin wata.

Tauraron ɗan adam

Ga ƙauyuka da garuruwan da babu zare kuma 4G ba ya isa, saura tauraron ɗan adam. Tsoffin taurarin sadarwa na nesa da ƙasa da kusan kilomita 36,000, shi ya sa saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, abin da ke sa hirar bidiyo ta riƙa sarƙewa. Taurarin Starlink na shawagi ne a kusan kilomita 550, don haka jinkirin kaɗan ne. Kamfanin ya fara aiki a Afirka ta Najeriya a watan Janairun 2023, sai Benin a ƙarshen wannan shekarar, Ghana a 2024, Nijar da Chadi kuma a 2025.

Nan ne mazauna kan iyaka ya kamata su yi hattara, domin lasisi na kowace ƙasa daban ne. A 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umarnin kama kayan Starlink da ake shigowa da su, saboda kamfanin ba shi da izinin aiki a ƙasar. Farantin da aka saya a Kano ko Kwatano aka yi masa rajista can, ba lallai ne doka ta yarda da shi a ƙasar da aka kai shi ba, kuma kamfanin kansa na iya yanke layin da ya daɗe yana aiki a wajen ƙasar rajistarsa. Kafin a kashe kuɗi, sai a tuntuɓi hukumar kula da sadarwa, wato ARCEP a Nijar, Chadi, Benin da Togo, ko ART a Kamaru. Farantin na buƙatar sarari ba tare da bishiya ko gini ya tare shi ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci.

Lissafin sauri da na giga

Kamfanoni na tallata sauri da megabit, wayoyi kuma na nuna girman fayil da megabayit. Bit 8 ne ke yin bayit 1. Ke nan layin megabit 10 na sauke megabayit 1.25 a daƙiƙa, kuma fayil mai giga 1 zai ɗauki kusan minti 13 idan babu wani da ke jan layin. Bidiyo ne ke cin kaso mafi tsoka: awa ɗaya ta kallo na cin kusan giga 1 a matsakaicin hoto, ta kai giga 3 a hoto mai kyau sosai. Gidan da ke kallon awa biyu kullum a matsakaicin hoto zai ci giga 60 a wata daga bidiyo kaɗai, ban da kira da karatu. Duk forfe da bai kai haka ba zai ƙare kafin wata ya mutu.

Wajen kwatanta farashi, kuɗin wata kaɗai ba ya nuna gaskiya. A haɗa kuɗin na'ura, kuɗin sanyawa da kuɗin wata goma sha biyu, sannan a raba. Tayin da ya fi araha a allon talla na iya zama mafi tsada a ƙarshen shekara.

Wuta da bango

Duk waɗannan hanyoyi na dogara ne da lantarkin gida. Akwatin wifi ba ya cin wuta sosai, kusan wat 10 ne, kuma yawancinsu na aiki da bolt 12, don haka ƙaramin batir ko ƙaramar sola na iya riƙe shi awanni. Babban farantin Starlink kuwa na cin wat 75 zuwa 100, abin da ke buƙatar sola mai ɗan girma. Na'urar kariya daga hauhawar wuta ma ba ta da tsada idan aka kwatanta da sayen sabon akwati.

A cikin gida, katangar laka mai kauri, siminti mai ƙarfe da ƙofar ƙarfe na tare wifi. Zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango, na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya nisa. A babban gida mai sassa da yawa, a ɗora akwatin a sama a tsakiyar gidan, ko a ja waya zuwa akwati na biyu. A canza kalmar sirrin da ya zo da ita tun ranar farko. Wanda kuma ke son sayar wa maƙwabta tikitin wifi ya fara duba yarjejeniyarsa da dokar ƙasar, domin layin gida ba a yi shi don kasuwanci ba.

Kan iyaka da katsewar layi

A garuruwa irin su Gaya da Malanville, Kousseri da Njamena, ko Birnin Ƙonni da Illela, sabis na ƙasashe biyu na haɗuwa a sama. Akwatin da aka bari ya zaɓi rezo da kansa na iya kama na tsallake, kuɗi su tafi a farashin baƙo. Maganin shi ne a shiga saitinsa a kashe yawon ƙetare, a zaɓi kamfanin gida da hannu.

Babu kuma hanyar da ba ta katsewa. Nijar da Chadi ba su da teku, intanet ɗinsu na ratsa ƙasashen maƙwabta ne kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin ruwa. A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, aka shafe kwanaki ana fama a ƙasashe da dama ciki har da Côte d'Ivoire, Benin da Ghana. Kamfanonin da ke da wata hanyar ta daban sun fi saurin farfaɗowa. Wanda cinikinsa ko karatunsa ya rataya a kan intanet, zai fi masa kyau ya ajiye pis na wani kamfani dabam da ɗan ƙaramin forfe a ciki.

Kafin sa hannu, akwai tambayoyin da bai kamata a bar ofishin kamfani ba tare da amsarsu a rubuce ba: tsawon yarjejeniya da tarar fita kafin lokaci, adadin gigan da bayansa ake rage sauri, wanda ya mallaki akwatin idan aka rabu, da kwanakin da gyara ke ɗauka idan layi ya mutu. A kuma adana rasit da kwafin takardar, domin su ne hukumar sadarwa za ta fara nema idan aka kai mata ƙorafi.