Gefen Gonar Da Ba A Girbewa

Kiran assalatu shi ne agogon gidan. Da ladan ya ɗaga murya a masallacin da ke bayan darni, sai ka ji tarin Baba, ka ji ƙarar ƙyauren langa-langa, sannan hasken tocila ya ratsa tsakar gida. Maƙwabta na can suna alwala, shi kuwa yana kwance ƙullin wani tsohon zane da ke rataye a jikin azara. Littafi Mai Tsarki ne a ciki. Gara ta taɓa cinye masa gefen Zabura, shi ya sa tun daga ranar littafin bai sake kwana a ƙasa ba.

Ƙauyen yana cikin ƙasar Kance, ba nisa da kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Takeita da Matamaye ta nufi Daura. Ƙasa ce ta jigawa da kwari: a tudu hatsi da wake da gyaɗa, a gangaren korama rake da rogo da lambuna. Gida uku ne na masu bi a duk garin, kuma dukansu dangin juna ne. Wannan ba abin mamaki ba ne a Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Ba su da majami'a. Ran Lahadi rumfar karan da ke ƙofar gidan Baba ce wurin sujada, mai bishara kuma sai an yi sa'a yake zuwa a kan babur, sau ɗaya a wata, da damina ma ba ya zuwa. Saboda haka duk nauyin ya koma kan karatun asuba.

Na kwana shida a gidan da kaka, ina kwana a zaure tare da buhunan gyaɗa.

Yadda littafin ya shigo gidan labari ne na ciwo. Mahaifin Baba ya kamu da kuturta, aka kai shi Danja, kudu da Maradi, inda mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin kutare a 1956. Ya dawo bayan shekaru da ragowar yatsunsa da kuma sabon addini. Mishan ɗin kansa ya fara kafa ƙafa a Zinder tun 1924, kafin ya buɗe Tsibiri, amma a wannan gidan ba a lissafin tarihi daga nan, daga dawowar kaka ake farawa. Littafin da ya zo da shi fassarar 1932 ce, wadda Likita Miller na Zariya ya yi wa aiki tare da abokansa. Wanda ake karantawa yanzu sabuwar fassara ce da ta biyo bayanta, amma har yanzu Hausar Kano ce a ciki. Wani lokaci yara kan kwashe da dariya idan aka zo kan wata kalma da ba a faɗi a Damagaram, sai Inna, matar Baba, ta juya ta da bakin gida.

Jikar Baba ce mai karatu, yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ke zuwa lakwal. Faransanci ake koya mata, amma baƙaƙen boko ɗaya ne, ita ta koya wa kanta haɗa su da Hausa. Ba ta wuce aya biyar ko shida. Idan ta rufe, Baba kan yi shiru har sai ka ɗauka barci ya koma, sannan ya yi tambayar da ba ta canzawa: "To, yau ina za mu gamu da wannan?"

Ranar da na fara zama da su, misalin mai shuka suka karanta a Markus sura ta 4. Na zaci zan ji wa'azin da na saba ji. Sai Baba ya fara da kushe manomin. Wane irin manomi ne, in ji shi, zai watsa iri a kan hanya? A nan sungumi ake sarawa, a jefa ƙwaya kaɗan a rami, a rufe da diddige, don irin da aka ɓoye tun bara ba abin wasa ba ne. Ya ce shekaru ya yi yana jin haushin wannan ɓarnar, kafin ya gane cewa mai irin ba ya tsoron ƙarewarsa. Inna kuwa ƙayar ce ta dame ta. Ta ce ba ƙarangiya ba ce, don ƙarangiya ana ganinta a nome ta. Ƙuduji ne, wanda ke kama saiwar hatsi a ƙarƙashin ƙasa, yana tsotsa, ba ka sani ba sai ya fito da furensa mai kyau bayan ya gama kashe gona. "Bashi ke nan," in ji ta, tana kallon babban ɗansu. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gefen gonar. A Littafin Firistoci sura ta 19 akwai umarnin kada mai gona ya girbe har bakin iyaka, kada kuma ya koma tsince abin da ya zube, a bar wa matalauci da baƙo. Labarin Rut ma duk a kan haka yake tafiya: gwauruwa baƙuwa tana bin bayan masu girbi a gonar Bo'aza. Kala ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, mata da yara sun saba bin gona bayan an kwashe dammuna. Bambancin Baba shi ne da gangan yake bari. Kunya biyu na gefen gabas ba a sa musu wuƙa, zangarniya na tsaye, kowa ya san ta wa ce. A kiyasinsa dami uku ne zuwa huɗu a shekarar albarka. Wanda ya taɓa ganin gindin rumbu a watan Yuli, lokacin da hatsin bara ya ƙare sabo bai nuna ba, ya san dami uku ba ƙaramin abu ba ne. Kowace kaka sai an yi wannan gardamar da babban ɗan.

"Baba, wannan doka ta Yahudawa ce, mai bishara ma ya faɗa."

"Yunwar ma ta Yahudawa ce?"

Ɗan yana da gaskiyarsa, ni dai ban iya raina ta ba. Shi ne ke tafiya cin rani Kano ko Agadas idan rumbu ya gaza, shi ke tura kuɗi. Kyautar uba da gumin ɗa ake biyanta, kuma babu ayar da ta share wannan lissafin.

Inna nata karatun a bakin tiya yake. Tana tuya ƙuli-ƙuli, tana sayar da man gyaɗa, tana awon wake. Ta san wurin da Karin Magana ya tsine wa ma'aunin zamba, ta san inda annabi Amos ya caccaki masu ƙanƙanta mudu su tsawwala farashi, ko da yake ba ta iya karanta ko harafi ɗaya. Tiyarta ɗaya ce, da ita take saye da ita take sayarwa, gindinta ba a buge yake ba. Wata maƙwabciyarta ta ce mini ita ba ruwanta da abin da suke karantawa, amma idan ta aiki yaro gidan ba ta sake awo. A garin da ba wanda zai buɗe littafinka, mutane tiyarka suke dubawa.

Gonar cike take da gawo, kamar sauran gonakin wannan yanki. Itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabbobi. Wani bincike na 2006 ya kiyasta cewa a ƙasashen Mirya da Magarya da Matamaye manoma sun rayar da itatuwa a fili kusan hekta miliyan ɗaya, ba da dashe ba, da barin toho. Sassabin zamani ake ce masa. Masu bi suna son ba da labarin Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da SIM a Maradi, wanda a 1983 ya tsaya rage iskar taya a cikin rairayi, ya yi addu'ar wanda ya gaji, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro ya gane kututturen itace ne mai rai a ƙasa. A 2018 an ba shi wata babbar lambar yabo ta ƙasar Suwidin tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Labari ne mai daɗi, amma adalci shi ne a ce gawon Kance manoman Kance ne suka raya shi, kusan dukansu Musulmi, bayan farin 1984 ya koya wa kowa darasi. Baba ma bai yi musu ba. Ya ce shi a Farawa ya ga an sa Adamu a gona ya nome ta ya kuma kiyaye ta, liman kuma ya ga nasa a nasa littafin, gawo bai tambayi kowa ba.

Sai a dare na huɗu ya yi maganar 2015. Ran Juma'a 16 ga Janairu zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Zinder, aka ƙona majami'u, aka rasa rayuka, washegari wutar ta kai Yamai. A ƙauyen ba abin da ya faru, ko dutse ba a jefa ba. Amma wata 'yar ƙanwarsa ta dawo daga birni da kayan jikinta kawai. Ya ce mini kusan wata biyu bai yarda a buɗe Matiyu sura ta 5 ba, inda ake maganar ƙaunar maƙiyi. Zabura kawai yake sa a karanta, wuraren da Dawuda ke kai ƙara yana kuka. Inna ce wata asuba ta karɓi littafin daga hannunsa, ta miƙa wa mai karatu ta ce a buɗe wurin da ake gudu. An karanta. Bai yi tambayarsa ba ranar, ya ɗauki hauya ya fita.

Surar nan ce dai ta sake kama shi ina nan. Akwai tsohuwar rigima tsakaninsa da ɗan wan mahaifinsa, wani alhaji, a kan layin gamba da ke raba gonakinsu, kowa na cewa ɗayan ya ci masa taki ɗaya. Shekara biyu gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu. Asubar Asabar yarinyar ta zo kan wurin da aka ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Washegari kuwa godiyar kaka ce, damin da zai bayar na jingine a zaure kusa da shimfiɗata. Ba wanda ya dubi Baba. Inna ta tashi ta shiga dama hura.

Da hantsi ya sa babbar riga ya ce in raka shi. Mun tarar da Alhaji a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa.

"Yaya, ina kwana?"

Alhaji ya ɗago ya daɗe yana kallonsa. "Lafiya lau. Mutuwa aka yi?"

"Ba a yi ba. Maganar gamba ce."

"Gamba tana inda ubanmu ya dasa ta."

"To, mu je da mai gari ya nuna mana inda ya dasa."

Alhaji bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya matsa gefe a kan tabarma, ya tura kwaryar gyaɗar tsakiya. Baba ya tuɓe takalmi ya zauna, suka shiga ɓara. Har na tashi neman motar Matamaye ba wanda ya sake ambaton gamba, suna ta gardamar farashin wake a kasuwar Mai'aduwa.