Wayar da Ke Kama Duniya

A wani ƙauye na kwarin Majiya, tsakanin Buza da Madawa, in ka cire hasumiyar masallaci, babu abin da ya kai sandunan eriya tsayi. Wata a saman soro, wata an ɗaure ta da tsumman taya a reshen dogon yaro, duk sun karkace kamar tsofaffi a layin awo.

Laifin na duwatsun Adar ne. Zangon FM miƙe yake tafiya, tudu na tare shi ya tsaya, ƙauyen kuwa yana cikin kwari. Wanda ke son tashar gari sai ya ɗaga waya sama. Gajeren zango bai damu da dutse ba: sararin samaniya yake bugowa ya dawo ƙasa, shi ya sa muryar Landan kan fi ta maƙwabta fitowa tas bayan magariba. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kuma da hukumomin Yamai suka dakatar da RFI a Agustan 2023, tsofaffin akwatuna masu gajeren zango suka sake daraja.

Mai gyaran rediyon ƙauyen, wanda ya koyi aikin a ci-rani, ba ya sayen komai sabo. Jan ƙarfe yake warwarowa daga mataccen injin ban-ruwa na masu albasa, ya kankare bakinsa da wuƙa, ya ratsa shi ta wuyan kwalba don kada ya taɓa itace. Ɗaya wayar ya ɗaura ta a turken ƙarfe, ya kafa a ƙasa. Masu jiragen ruwa na filafilai ma haka suke yi, wayar da ke riƙe da turken jirgi ita ce eriyarsu, ruwan gishirin teku kuma ya zame musu ƙasa. Nan ƙasar busasshiya ce ƙayau, don haka turken ƙarfen har da rabonsa na ruwan buta.

Ranar kafawa yaro ne a sama, dattijo a ƙasa da akwati a kunne.

"Baba, ta kama?"

"Karkato ta gabas kaɗan. Tsaya nan, kada ka motsa!"

Da hadari ya haɗo daga gabas, uwar gida kan cire wayar ta jefa waje saboda aradu. Iska ta kayar da sandar cikin dare, da safe yaron ya tuɓe takalma ya sake hawa.