Sana'ar Tsara Littattafan Makaranta

'Yan'uwana mata da 'yan makaranta na Magama, ga wata sana'a da mace za ta iya yi ko tana cikin ɗakinta, watau tsara shafukan littattafan makaranta. A da sai a babbar maɗaba'a, irin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945. Yanzu kuwa kwamfuta ɗaya ta isa, da manhaja kamar InDesign, ko Scribus wadda ake samu kyauta.

Amma ki kula da abu uku. Na farko, zaɓi samfurin rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, kamar Andika, wanda aka yi domin masu koyon karatu. In lanƙwasa ta faɗi, baƙi ya koma baki, yaro kuwa abin da ya gani shi zai haddace. Na biyu, 'yan aji ɗaya suna son manyan baƙaƙe da fili tsakanin layuka. Kada ki cunkusa shafi kamar motar ran kasuwar Jibiya. Na uku, mai da aikin PDF, ki buga gwaji ki karanta kafin ki aika maɗaba'a.

Ke 'yar Magama kina da wata dama. A ƙetaren iyaka, wajen Maraɗi, ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y, kuma a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Wadda ta san ƙa'idar ɓangarorin biyu, kasuwa biyu take ci. A dage, Allah ya ba da sa'a.