Tagogi da Sanyin Hunturu a Birnin New York

A birnin New York na ƙasar Amurka, doka ta wajabta wa masu gidajen haya su ɗumama ɗakuna daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Sai dai ɗumi ba ya zama a ɗakin da tagarsa ta tsufa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na makamashin ɗumama gida da sanyaya shi ta taga yake salwanta.

Lamarin ya wuce batun kuɗi. Wanda sanyi ya dama yakan kunna hita ta lantarki, kuma irin wannan na'ura ce ta haddasa gobarar da ta hallaka mutum 17 a unguwar Bronx ranar 9 ga Janairun 2022, akasarinsu 'yan asalin Gambiya.

Taga mai riƙe ɗumi tana da gilashi biyu ko uku, da iskar argon a tsakani, da wani siririn shafi mai mayar da zafi cikin ɗaki. Mai saye yakan duba lambar U-factor a takardar da aka manna mata: gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon ingancin tagar. Amma komai tsadarta, in aka bar kafa a gefe wajen sa ta, an yi aikin baban giwa.

Kuma ba dole sai sabuwa ba. A shekarar 2010, tagogi 6,514 na dogon benen Empire State aka ciro, aka inganta su a cikin ginin, sannan aka mayar da kowace gurbinta.