Kofin Duniya a Hamada: Daga Doha zuwa Riyad, Ina Haƙƙin Lebura?

Ranar 11 ga Disamban 2024 wakilan hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya suka yi taro ta intanet, shugaban FIFA Gianni Infantino ya nemi su tafa, kuma da wannan tafin aka miƙa wa Saudiyya Gasar Kofin Duniya ta 2034. Ba a ƙirga ƙuri'a ba, domin babu abokin hamayya. Tun a watan Oktoban 2023 FIFA ta taƙaita takarar ga Asiya da Oseaniya, ta ba da wa'adin kwana 25 kacal, Ostareliya ta duba ta ga ba wurin zuwa, ta janye. Ke nan cikin shekara 12 gasar za ta sauka sau biyu a ƙasashen Larabawan Tekun Fasha, tsohuwar gardamar da aka yi kan Katar, wadda ta karɓi gasar 2022, kuma ta dawo sabuwa: shin ya dace ƙasar hamada mai tarin dukiya ta karɓi wannan gasa?

Matsalar gardamar ita ce ana cakuɗa ƙorafe-ƙorafen da nauyinsu ba ɗaya ba, har mai nauyin ya nutse a cikin marasa nauyi.

Zafi shi aka fi ambata, kuma gaskiya ne Doha takan haura digiri 40 a watan Yuni. Masu binciken FIFA da kansu sun yi gargaɗi a 2010, aka yi kunnen uwar shegu da su, sai a 2015 aka mayar da gasar watannin Nuwamba da Disamba. Ƙungiyoyin Turai suka yi ta kumfar baki cewa an katse musu kaka. Amma wa ya ce Yuni da Yuli wahayi ne? Lokacin hutun Turai ne aka ɗora wa duniya. Mu a nan mun san haka: gasar Afirka da aka shirya yi a Kodebuwa a tsakiyar 2023 sai da aka ɗage ta zuwa Janairun 2024 saboda damina. A Meziko a 1986 da tsakar rana aka riƙa buga wasa don mai kallo a Turai ya samu da yamma, a Amurka ma a 1994 'yan wasa sun gasu a Orlando, ba wanda ya ce ƙasashen ba su cancanta ba. Saudiyya tana da nata lissafin, tunda azumin 2034 zai faɗo tsakanin Nuwamba da Disamba, aikin Hajji kuma wajen ƙarshen Fabarairu, amma wannan aikin masu tsara jadawali ne, kuma za su warware shi.

Sai batun cewa ba su da tarihin ƙwallo. A kan Katar maganar tana da ɗan tushe: ƙasa ce da faɗinta bai fi rabin Jihar Kano da kaɗan ba, ba ta taɓa samun gurbi ba kafin 2022, kuma ta zama mai masaukin baƙi ta farko da ta sha kashi a duk wasanninta uku. A kan Saudiyya kuwa maganar ba ta tsayuwa. Sun ci Kofin Asiya a 1984 da 1988 da 1996, sun kai zagaye na biyu na Kofin Duniya a 1994, shekarar da Sa'id Al-Owairan ya yanke 'yan Beljiyam tun daga tsakiyar fili ya zura ƙwallo, sun kuma doke Ajantina 2-1 a Lusail a gasar 2022. A tawagarsu ta 2018 akwai 'yan wasa uku masu laƙabin Hawsawi, ciki har da kyaftin Usama, zuriyar mutanen ƙasar Hausa da suka tafi aikin Hajji suka zauna. Amurka kuwa lokacin da ta karɓi gasar 1994 ko babbar gasar ƙwararru ba ta da ita, sai 1996 aka fara MLS.

Zargin cin hanci ya fi waɗannan ƙarfi. A zaɓen 2 ga Disamban 2010 a Zurik, inda Katar ta doke Amurka da ƙuri'a 14 da 8, mutum 22 ne suka yi zaɓe maimakon 24, domin an dakatar da biyu bayan jaridar Sunday Times ta ɗana musu tarko, ɗaya daga cikinsu kuwa ɗan Nijeriya ne, Amos Adamu. A 2020 masu gabatar da ƙara na Amurka sun yi zargin an sayi ƙuri'un wasu wakilan Kudancin Amurka, Katar ta musanta. Sai dai ruɓewar a gidan FIFA take. An yi irin wannan zargi kan yadda Jamus ta samu 2006 da yadda Afirka ta Kudu ta samu 2010. Gasar nan an buga ta a Italiyar Mussolini a 1934, an buga ta a Ajantina a 1978 ana azabtar da mutane a wani sansanin sojan ruwa da ke kusa da filin da aka yi wasan ƙarshe, an buga ta a Rasha shekara 4 bayan ta mamaye Kirimiya. Laifi tudu ne, kuma 'yan jaridar Turai da yawa sun taka nasu suka hango na Larabawa.

Wannan ne ya sa jama'armu suka tsaya bayan Katar, kuma na fahimci dalili. Mun ga an buɗe gasa da ayar Suratul Hujurat daga bakin Ghanim Al-Muftah. Mun ga filin Al-Bayt mai siffar tantin makiyaya da na Al-Thumama mai siffar hula. An hana sayar da giya a filaye, iyalai suka shiga kallo cikin natsuwa. Maroko ta fitar da Sifaniya da Fotugal ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, 'yan wasanta suna sujada suna rungumar uwayensu a bakin fili. Ban ga abin da ƙasar Musulmi za ta nemi gafarar kowa a kansa ba a nan.

To amma munafuncin mai ƙara ba ya wanke wanda ake ƙara. Filaye 8 da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da sabon birnin Lusail, ayyukan da aka ƙiyasta sun laƙume kusan dala biliyan 220, ba 'yan Katar ne suka ɗauki bulo da rodi suka gina su ba. 'Yan ƙasa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na mazauna. Leburori ne daga Nefal da Indiya da Bangaladash da Pakistan, masu gadi daga Kenya da Yuganda da Gana, waɗanda yawancinsu suka ci bashi suka biya dillalin aiki kafin su hau jirgi. Sun sauka a ƙarƙashin tsarin kafala, inda iƙamar mutum ke hannun kafilinsa: ba ya canja aiki sai da yardarsa, ba ya fita ƙasar sai da sa hannunsa, sau da yawa ma fasfonsa na aljihun kafilin. Idan aka riƙe masa albashi na watanni ya bar wurin aiki, shi ne mai laifin guduwa.

Mutum nawa suka mutu? A Fabarairun 2021 jaridar Guardian ta ce ma'aikata 6,500 daga ƙasashe biyar na Kudancin Asiya sun rasu a Katar tun 2010. Adalci shi ne a faɗi cewa wannan adadi ya haɗa kowace irin mutuwa a kowane irin aiki, ba ginin filaye kaɗai ba. Masu shirya gasar sun daɗe suna cewa mutum 3 ne suka mutu sanadin aiki a filayen, wasu 37 kuma ba sanadin aiki ba. Ana tsakiyar gasar, babban sakataren kwamitin shirye-shirye Hassan Al-Thawadi ya ce tsakanin 400 ne da 500. Tazarar da ke tsakanin 3 da 6,500 ita kanta tuhuma ce, domin tana nuna ba a damu da ƙirgawa ba. Saurayi mai jini a jika ya wuni a rana yana aiki, ya kwanta bai farka ba, sai a rubuta bugun zuciya ko mutuwa ta ɗabi'a, a sa gawa a jirgi ba tare da bincike ba. Da zarar an rubuta haka, iyalinsa ba su da diyya, ga bashin dillali yana jiransu. Wani bincike da mujallar likitanci ta Cardiology ta buga a 2019 kan 'yan Nefal ya nuna cewa cikin mutum 571 da ciwon zuciya ya kashe tsakanin 2009 da 2017, kusan 200 da sun tsira in da an kare su daga zafi. Ashe dai zafin hamada matsala ce ta gaske, sai dai ba ɗan wasan da ke gudu a filin da aka sa wa na'urar sanyaya iska ta shafa ba.

Wannan magana ba ta nesa da mu. Gida nawa ne a Kano da Katsina da Damagaram da ke da ɗa ko 'ya a Jidda ko Makka ko Riyad, ana aikatau, ana tuƙi, ana kiwo? Wanda ya taɓa zama da takari ya san abin da ake nufi idan aka ce kafili ya ƙi sabunta iƙama. Kuma mizanin da za mu auna masarautun nan da shi ba sai mun aro daga Landan ba. Addinin da muka yi alfahari da ganinsa a bikin buɗe gasa shi ne ya tsananta a kan biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa a kan lokaci, ya hana ɗora wa bawan Allah abin da ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya kare Katar don ta ɗaga martabar Musulunci, wajibi ne ya tambaye ta wannan.

Masu goyon bayan kai gasar irin waɗannan ƙasashe suna da hujja guda mai ƙwari: idon duniya yana tilasta gyara. A Katar hakan ya faru. Ta ƙulla yarjejeniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2017, ta soke takardar izinin fita ga yawancin ma'aikata, a 2020 ta ba da damar canja aiki ba sai da yardar kafili ba, ta kafa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci, ta kuma hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma da wuya a ce da an same su ba don gasar ba. Amma a dubi lokacin da suka zo: shekara 10 bayan an ba da gasa, lokacin da aka ci ƙarfin gini. Waɗanda suka mutu kafin nan fa? Amnesty da Human Rights Watch sun nemi FIFA ta ware dala miliyan 440, daidai da kuɗin kyautar da aka raba wa ƙasashe, don biyan diyya. FIFA, wadda ta tara dala biliyan 7.5 a zangon 2019 zuwa 2022, ta fito a Nuwamban 2024 da asusun dala miliyan 50, ta kuma karkata shi ga ayyukan hukumomin lafiya da kasuwanci da 'yan gudun hijira na duniya, ba ga iyalan mamatan ba.

Darasin da ya kamata a ɗauka daga Doha shi ne a gindaya sharaɗi kafin a miƙa kofi, lokacin da mai nema ke da buƙata. FIFA ta san wannan, ta kuma yi akasinsa. Ta bai wa takarar Saudiyya maki 419.8 cikin 500, ta ce haɗarin take haƙƙin ɗan Adam matsakaici ne, alhali ƙasar na shirin filaye 15 a Riyad da Jidda da Khobar da Abha da Neom, birnin da ake kan ginawa, ga ma'aikata baƙi sama da miliyan 13, babu ƙungiyar ƙwadago, babu mafi ƙarancin albashi ga baƙo. Sassaucin da Saudiyya ta yi wa kafala a Maris na 2021 bai shafi masu aikatau da direbobin gida da makiyaya ba, wato ayyukan da mutanenmu suka fi yi. Tun a Maris na 2025 aka ba da labarin wani ɗan Pakistan da ya faɗo ya mutu a ginin filin Khobar.

Ra'ayina shi ne Saudiyya ta cancanci gasar kamar kowace ƙasa, kuma dukiyarta ce ta rufe mata ƙofar uzuri. Ƙasar da za ta gina fili mai cin mutum 92,000 a Riyad ba za ta gaza biyan kuɗin binciken gawa, ko mayar wa lebura abin da dillali ya karɓe masa ba. Hukumar ƙwallon Norwe ta fito fili ta ƙi shiga tafin Disamba. Afirka tana da kujeru 54 a babban taron FIFA, Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan kowacce ƙuri'arta daidai take da ta Norwe, kuma 'ya'yansu ne ke cikin masu aikin. Suna iya neman a riƙa binciken musabbabin mutuwar kowane ma'aikaci a wallafa adadin duk shekara, a shigar da masu aikin gida cikin dokar ƙwadago, a kuma ajiye kuɗin diyya tun yanzu da ake zuba harsashin filayen.